Yom Kippur: ranar da Yahudawa ke rufe kasuwa su nemi gafara

Akwai rana guda a cikin shekara wadda ƙasar Isra'ila take tsayawa cik. Filin jirgin sama na Ben Gurion yana rufewa, gidajen radiyo da telebijin na ƙasar suna yin shiru, kantuna da bankuna da biro-biro na gwamnati duka a kulle. Manyan hanyoyin birnin Tel Abib, waɗanda motoci ke cunkushewa dare da rana, sai su zama filin wasan yara masu kekuna. Babu wata doka da ta hana tuƙa mota a wannan rana, al'ada ce kawai ta yi ƙarfi har ta fi doka. A Paris da Marseille da New York da Kazablanka da tsibirin Jarba na Tunisiya ma, ɗan kasuwa Bayahude yakan rufe shagonsa tun kafin faɗuwar rana, ba zai sake buɗewa ba sai bayan kwana ɗaya cur.

Wannan rana ita ce Yom Kippur, wadda Faransawa ke kira « le Grand Pardon », wato babbar gafara. Ita ce rana mafi girma a addinin Yahudawa, al'ummar da yawanta ya kai kimanin miliyan 15 a duniya, fiye da miliyan 7 a Isra'ila, sauran kuma a warwatse, mafi yawansu a Amurka, sannan Faransa.

Suna da lokaci

Wanda ya yi karatun allo ba zai ji sunan baƙo a kunnensa ba, domin Ibraniyanci da Larabci ƴan uwan juna ne. « Yom » shi ne « yaumu », wato rana. « Kippur » kuwa tushensa ɗaya da « kaffara ». Haka nan azumi a Ibraniyanci « tsom » ne, kamar « saumu » na Larabci, kyautar da ake ba mabuƙaci kuma « tsedaka », wato sadaka. Tuba suna ce mata « teshuba », ma'anarta komowa, kamar matafiyin da ya ɓace hanya ya juyo ya kama turba.

Ranar tana faɗowa a goma ga watan Tishri na kalandar Yahudawa. Watanninsu na bin zagayowar wata ne, amma sau bakwai a cikin kowace shekara 19 suna ƙara wata na goma sha uku, don kada bukukuwansu su bar lokutan da aka san su da su. Shi ya sa Yom Kippur ba ta zagaya damina da rani kamar yadda watan Ramadan ke yi: kullum tana tsakanin tsakiyar Satumba da tsakiyar Oktoba. A shekarar 2024 ta faɗo ranar 12 ga Oktoba, a 2025 ranar 2 ga Oktoba, a 2026 kuma lissafi ya ba da 21 ga Satumba. An tsara kalandar ta yadda ranar ba za ta taɓa faɗowa Juma'a ko Lahadi ba, domin kada ta haɗu da Asabar a samu kwana biyu a jere ba dafa abinci, ba binne mamaci.

Bunsuru biyu a ƙofar Haikali

Umarnin wannan rana yana cikin Attaura, a littafi na uku, babi na 16 da na 23. Bisa ga al'adar malaman Yahudawa, a goma ga Tishri ne Annabi Musa ya sauko daga dutsen Sina'i da alluna na biyu, bayan Bani Isra'ila sun bauta wa ɗan maraƙin zinariya kuma Allah ya yafe musu. Daga nan ranar ta zama ranar yafiya har abada.

A zamanin da Haikali yake tsaye a Birnin Ƙudus, aikin ranar duka yana wuyan mutum ɗaya, babban limamin Haikali. Yakan yi wanka sau biyar, ya wanke hannuwa da ƙafafu sau goma, ya tuɓe tufafin ado ya sa fararen tufafi na lilin. Wannan ce kaɗai ranar da aka yarda masa ya shiga ɗaki mafi tsarki na can ciki, da garwashi da turare, shi kaɗai, jama'a na jira a waje cikin fargaba.

Ana kawo masa bunsuru biyu, ya jefa ƙuri'a a kansu. Wanda ƙuri'a ta ba Ubangiji sai a yanka shi hadaya. Ɗayan kuwa, limamin ya ɗora hannuwansa biyu a kansa, ya furta laifuffukan jama'a baki ɗaya, sannan a kora shi cikin jeji. Daga wannan bunsuru ne Faransanci ya samo kalmar « bouc émissaire », wadda kowane ma'aikacin gwamnati ya sani: ƙaramin ma'aikacin da ake ɗora wa laifin manya idan kuɗin hukuma sun yi ɓatan dabo.

A shekara ta 70 bayan haihuwar Annabi Isa, sojojin Rum ƙarƙashin jagorancin Titus suka rushe Haikalin. Hadaya ta ƙare, babban limami ya zama tarihi. Malaman da suka tsira, cikinsu har da Yohanan ben Zakkai wanda ya kafa makaranta a garin Yabne, suka koyar da cewa tuba da addu'a da sadaka sun tsaya a madadin jinin dabbobi. Tun daga lokacin kowane Bayahude ya zama mai ɗaukar nauyin kansa, ba bunsurun da zai tafi masa da laifinsa jeji.

Allah ba ya yafe haƙƙin wani

Shiri yana farawa tun wata guda kafin ranar, a watan Elul, da addu'o'in neman gafara na asuba. Ranar ɗaya ga Tishri ita ce sabuwar shekara, Rosh Hashana. Yahudawa sun yi imani cewa a wannan rana ake rubuta abin da zai sami kowane mutum a shekara mai zuwa, rayuwa ko mutuwa, arziki ko talauci, amma ba a buga hatimi a kan rubutun sai ranar Yom Kippur. Kwanaki goma da ke tsakani su ne kwanakin tuba. Gaisuwar da ake yi a cikinsu fata ce ta a rufe wa mutum littafinsa da alheri.

A nan ne hukuncin da ya fi kowane nauyi yake. Littafin Mishna, wanda aka tattara wajen shekara ta 200, ya raba laifi gida biyu. Wanda ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, ranar tana kankare shi idan an tuba. Wanda ke tsakanin mutum da ɗan uwansa kuwa, azumi da kuka ba su taɓa shi, sai mai laifin ya je ya sami wanda ya cuta ya gamsar da shi. Littafin ya ƙara da cewa wanda ya yi niyyar saɓo yana dogaro da cewa Yom Kippur za ta wanke shi, ranar ba ta wanke shi.

Shahararren malamin nan Musa bin Maimun, haifaffen Kurɗuba ta Andalus, wanda ya yi aikin likita a fadar sarakunan Masar har ya rasu a 1204, ya tsara wannan hukunci dalla-dalla. Mai tuba ya bar laifin, ya yi nadama, ya furta shi da bakinsa, ya ƙudurta ba zai koma ba. Shaidar cikar tuba ita ce damar aikata laifin ta sake zuwa, mutum yana da ƙarfinsa da sha'awarsa, ya kame. Tsohon da ya bar ɓarna don ƙarfi ya ƙare, an karɓi tubarsa, amma ba ta kai ta farko daraja ba. Bahaushe ma ya ce kowa ya tuba don wuya, ba lada.

Game da haƙƙin mutane, mayar da kuɗi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da roƙon yafiya. Idan wanda aka cuta ya ƙi, mai laifin ya ɗauki abokai uku su raka shi, har sau uku. In ya ƙi bayan haka, laifi ya koma kansa, domin an hana mutum taurin zuciya. Idan ya riga ya mutu, a tara mutum goma a bakin kabarinsa a furta laifin a gabansu, a mayar wa magada dukiyarsu.

Malaman Talmud sun tsaya musamman a kan mutum iri biyu. Na farko shi ne mai tauye awo. Sun ce hukuncinsa ya fi na mazinaci tsanani, saboda wanda ya shekara ashirin yana awo da tiya mai lotsattsen gindi ko sikeli mai ha'inci bai san adadin waɗanda ya cuta ba, balle ya bi su ɗaya-ɗaya. Na biyu shi ne mai karɓar lanho da kuɗin fito wanda ya karɓi fiye da ƙa'ida. Shi ma tubarsa tana da wuya, saboda dalili guda. Mafitar da suka ba su ita ce su mayar wa waɗanda suka sani, sauran kuɗin kuma su zuba su a aikin da jama'a duka za su amfana, kamar gina rijiyoyi, da fatan wanda aka cuta zai sha ruwan wata rana. A wani wurin kuma suka ce tambaya ta farko da za a yi wa mutum ranar hisabi ita ce ko ya yi ciniki da amana.

Saboda haka kwanakin nan goma kwanaki ne na biyan bashi, da buga waya ga ɗan uwan da aka shekara ba a gaisa ba, da ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci.

Azumin sa'o'i 25

Ranar jajibiri, wato tara ga wata, cin abinci umarni ne. Wasu iyalai suna yin wata al'ada da ake kira kapparot: a juya zakara a kan namiji, kaza a kan mace, a yanka a ba matalauta. Manyan malamai, cikinsu har da Yusuf Karo wanda aka buga littafinsa na hukunce-hukunce a 1565, sun soki wannan al'ada, kuma a yau da yawa sun maye gurbin kazar da kuɗin sadaka. Maza da dama sukan yi wankan tsarki. Ana cin abincin ƙarshe da la'asar, a kunna kyandir, iyaye su sa wa ƴaƴansu albarka.

Azumin yana farawa kafin faɗuwar rana, ba ya ƙarewa sai taurari sun fito washegari, kimanin sa'o'i 25 ba ci ba sha, ba sahur a tsakani. Abubuwa biyar aka hana: ci da sha, wanka, shafa mai ko turare, sa takalmin fata, da kusantar iyali. An kuma hana kowane irin aiki kamar ranar Asabar: ba ciniki, ba rubutu, ba kunna wuta, ba taɓa kuɗi. Shi ya sa za a ga attajiri sanye da takalmin roba ko na ƙyalle. Da yawa suna sa fararen tufafi, wasu mazan ma suna sa wata farar riga mai suna kittel, irin wadda ake binne mamaci da ita, don mutum ya tuna inda za shi.

Azumin ya wajaba a kan yaro daga shekara 13, yarinya daga shekara 12. Mara lafiyar da azumi zai jefa cikin haɗari dole ne ya ci, haka ma macen da ta haihu cikin kwana uku, domin a shari'ar Yahudawa ceton rai yana gaba da wannan azumi. Ana ba da labarin cewa a lokacin annobar kwalara ta 1848 a birnin Bilna, malam Isra'ila Salanter ya umarci jama'a su ci abinci a ranar, don kada yunwa ta raunana su cuta ta kwashe su.

Alkawari kaya ne

Ibadar daren farko tana buɗewa da Kol Nidre, wani bayani cikin harshen Aramiyanci wanda ake rerawa sau uku da murya mai sa kuka. Mai jan salla yana tsayawa da dattawa biyu a gefensa riƙe da naɗaɗɗun littattafan Attaura, su uku kamar alƙalai a zaman shari'a. Abin da bayanin ya ƙunsa shi ne warware bakance da rantsuwar da mutum ya ɗaura wa kansa tsakaninsa da Allah cikin gaggawa ko fushi, ya kasa cikawa. An san shi tun ƙarni na 9, kuma wasu manyan malaman Iraƙi na wancan zamani ba su so shi ba.

Wannan bayani ya jawo wa Yahudawa wahala mai yawa a Turai. Maƙiyansu suka riƙa cewa ai rantsuwar Bayahude ba abin dogaro ba ce, tunda yana warware ta kowace shekara. An tayar da zancen a muhawarar da aka tilasta wa malamansu a Paris a 1240. Kotuna da dama sun riƙa sa Bayahude ya yi wata rantsuwa ta musamman mai cike da wulaƙanci kafin a karɓi shaidarsa. A Faransa ba a kawar da ita ba sai a 1846, bayan gwagwarmayar lauya Adolphe Crémieux. Amsar malaman Yahudawa ba ta canza ba tun farko: Kol Nidre ba ya taɓa bashi, ko yarjejeniyar ciniki, ko rantsuwa a gaban alƙali, ko wani alkawari da aka yi wa mutum. Wannan kaya yana nan a kan mai shi har ya sauke.

Salloli biyar da ƙahon rago

A ranakun yau da kullum Yahudawa suna da salloli uku. Yom Kippur kaɗai ce ke da biyar, ɗaya da dare, huɗu da rana, kuma masu ƙwazo sukan wuni a wurin ibadarsu, wato sinagog, ba su koma gida ba. Sau goma ake maimaita furucin laifuffuka, a tsaye, kai a sunkuye, ana bugun ƙirji a hankali da dunƙulallen hannu. An jera laifuffukan bisa tsarin haruffan Ibraniyanci, daga na farko zuwa na ƙarshe, kuma a cikinsu akwai ha'inci a ciniki, cin hanci, cin riba, gulma, raina iyaye da malamai, da ƙiyayya ba dalili. Duk furucin da bakin jam'i ake yin sa. Wanda bai taɓa karɓar cin hanci ba ma yana furta shi tare da kowa, saboda al'ummar da ta ga ɓarna ta yi shiru tana da kashi a ciki. Laifi tudu ne, in ji masu magana, mutum kan taka nasa ya hango na wani. Ranar nan an tsara ta ne don kowa ya dubi wanda ke ƙarƙashin ƙafarsa.

Da safe ana karanta babi na 58 na littafin Annabi Ishaya, inda aka tsawata wa masu azumi suna zaluntar ma'aikatansu, aka nuna cewa azumin da Allah yake so yana tafiya da sakin wanda aka danne, da ciyar da mayunwaci, da tufatar da matsiraici. Da hantsi ana ba da labarin aikin babban limami a Haikali, kuma a nan jama'a ke faɗuwa su kai goshi ƙasa, abin da ba a cika gani ba a ibadar Yahudawa. Da la'asar sai littafin Annabi Yunusa, labarin mutanen Ninawa, waɗanda ba Yahudawa ba ne, suka tuba aka janye musu azaba.

Salla ta biyar ita ce Ne'ila, wato rufe ƙofa. Rana na gangarawa, ƙarfi ya ƙare, amma jama'a na tsaye, domin an ɗauka ƙofofin rahama na gab da rufewa. A ƙarshe a ɗaga murya a shaida kaɗaitakar Allah, sannan a busa ƙahon rago, wato shofar. Da jin wannan busa azumi ya ƙare, kowa ya nufi gida buɗa baki.

Dangantaka da Ashura

Ya zo a cikin Sahihul Buhari cewa da Annabi Muhammadu (SAW) ya isa Madina ya tarar da Yahudawa suna azumin ranar Ashura, suka ce rana ce da Allah ya tserar da Annabi Musa daga Fir'auna, sai ya azumce ta ya kuma yi umarni da azumtarta. Da aka wajabta azumin Ramadan a shekara ta biyu bayan hijira, na Ashura ya zama nafila. Masana tarihi da yawa suna ganin azumin da aka tarar a Madina shi ne Yom Kippur, tunda duka biyun ranar goma ga wata ne, kuma Attaura tana kiran ranar « asor », wato ta goma. Wasu kuma suna nuna cewa tsira daga Fir'auna Yahudawa a bikin Pesah suke tunawa da ita, a wani watan dabam.

Ranar 6 ga Oktoba 1973

Mutane da yawa a duniya sun fara jin sunan Yom Kippur ne ta dalilin yaƙi. Ranar Asabar 6 ga Oktoba 1973, wadda ta yi daidai da goma ga Ramadan, wajen ƙarfe biyu na rana, sojojin Masar na shugaba Anwar Sadat suka tsallaka mashigin Suwez, na Siriya kuma suka afka wa tuddan Golan, don ƙwato yankunan da Isra'ila ta mamaye a 1967. An riƙa kiran sojojin ko-ta-kwana daga cikin wuraren ibada, radiyon da ya yi shiru ya dawo da magana. Isra'ila ta rasa sojoji fiye da 2500, kuma firaminista Golda Meir ta yi murabus a watan Afrilu 1974.

Girgizar wannan yaƙi ta iso har Nijar. Ƙasashen Larabawa masu man fetur suka rage haƙowa, gangar da ake sayarwa wajen dalar Amurka 3 ta kai kusan 12 cikin ƴan watanni. A watan Maris 1974 Faransa ta yanke shawarar dogara da makamashin nukiliya wajen samar da wutar lantarki. Farashin uraniyom ya tashi, kamfanin Cominak ya fara haƙowa a Akuta a 1978 bayan Somaïr ta Arlit, baitulmalin Nijar ya ga shekarun wadata da tsofaffin ma'aikata ke tunawa har yanzu.

Ranar a wannan zamani

Ko Yahudawan da ba su damu da addini ba sukan girmama wannan rana, har a Faransa ake yi wa wasu laƙabi da « juifs de Kippour », wato waɗanda ba a ganinsu a wurin ibada sai sau ɗaya a shekara. Ma'aikacin gwamnatin Faransa yana iya neman izinin rashin zuwa aiki a ranar, kamar yadda abokin aikinsa Musulmi ke nema don sallar azumi da ta layya. A watan Disamba 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta cikin ranakun da ba a kiran taro a hedkwatarta.

Taruwar jama'a wuri ɗaya ta sa ranar ta zama abin hari ga masu ƙiyayya. Ranar 9 ga Oktoba 2019 wani ɗan bindiga ya yi ƙoƙarin kutsawa cikin sinagog na birnin Halle a Jamus, ƙofar katako ta hana shi, ya kashe mutum biyu a waje. Ranar 2 ga Oktoba 2025 aka kai hari a wani sinagog na Manchester a Ingila, masu ibada biyu suka rasa rayukansu. A birane da yawa na Turai yanzu ƴan sanda ne ke gadin ƙofa yayin da ake addu'a a ciki.

Washegarin azumi shaguna suna buɗewa, jirage su tashi, ma'aikaci ya koma biro. A gidajen masu riƙo da addini, tun daren buɗa baki ake kafa sandar farko ta rumfar bikin Sukkot, wanda ke zuwa bayan kwana biyar, don a shiga sabuwar shekara da aikin lada. Amma bisa ga hukuncin malamansu, wanda ya wuni da yunwa da ƙishirwa alhali kuɗin wani na cikin aljihunsa, ko bai je ya roƙi wanda ya ɓata wa suna ba, ya fita daga ranar da kayansa a ka kamar yadda ya shiga. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, sai dai wannan addini ya sa wa biyansa rana da wata.